Rasuwar Baƙin Sa, Wejin Motar Yurnalis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Yurnalis, direban babbar motar da ke jigila tsakanin Padang da Jakarta, ke sanar da rasuwar wejinsa, guntun katakon da yake tokare taya da shi a kan tudu, wanda aka fi sani da Baƙin Sa.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne, iyakarsa "ƙirrr" idan nauyi ya hau shi. Sai dai ba ya ɗaukar raini. Shi ya zubar da haƙoran ɓarawon da ya ɗare motar tana gudu a Lampung yana yaga tamfol. Shi ya karya hannun wani mai tare hanya da adda. Tabon jinin nan bai taɓa wankuwa ba.

Jinyarsa ta faro ne da tsaga a tsakiya. Basrizal, wan matar Yurnalis kuma abokin tafiyarsa, ya yi ta cewa, "Wannan katakon ya gama aiki, a sake shi." Yurnalis kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai da ka tsufa an sake ka ne?"

Ranar Talata da hantsi, a hawan Sitinjau, birki ya shanye. Mota shaƙe da siminti ta fara zamewa baya, ga ƙaramar bas cike da mata 'yan kasuwa a bayanta, sai kururuwa suke. Basrizal ya diro ya cusa wejin a bayan taya, tsagar ta buɗe baki. Dole ya matse ɓarin biyun da hannunsa, taya ta hau. Marigayin ya yi ƙara sau ɗaya, "ƙaaas", ya tarwatse, jini ya wanke kwalta. Motar ta tsaya cak, kamu ɗaya tsakaninta da bas ɗin.

Ya rasu ya bar jak ɗin ɗaga mota, igiya, matan nan da ransu, da kuma Yurnalis, wanda har yau ya kasa haɗa ido da wan matarsa.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar a gefen kwanar da ya cika, rami ɗaya da yatsun Basrizal guda uku. Basrizal ɗin ne ya ce, "Ku haɗa su, ai tare suka yi aikin." Masu zuwa da mota su taho da weji mai lafiya. Yurnalis ne zai haƙa ramin shi kaɗai, don Basrizal ba zai ƙara iya riƙe shebur ba.