Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar da Ba Ta Ɗauki Baba Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai awon filaye, wanda gida da waje aka fi sani da Sai-na-bincika, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa, 'Yar Baƙa. Ta cika ne ranar Talata da hantsi, a hannunsa, a gaban mahaifinsa, bayan ta yi shekara biyu da wata huɗu a gidan. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma ruwa ne ya zubo mata ba. Ciwon daga cikinta ya tsiro, ya daɗe yana cin ta a ɓoye, kuma wanda ya fi kowa son ta shi ya gyara wa ciwon wurin zama.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ya kawo marigayiyar gidan, don ba domin ado aka saye ta ba. Mahaifiyar mai awo ta rasu yana ɗan shekara tara, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Har yau idan ya rufe ido yana jin muryarta, yana tuna yadda take ɗaura zane, amma fuskar ta tafi, ya neme ta ya rasa. Mahaifinsa kuwa, Baba, tsohon kafinta, hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin wurin aiki, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar. Ranar da Baba ya ajiye zarto saboda tarin da ya fara damun sa, ɗan ya ɗauki alkawari cewa abin da ya same shi da fuskar uwarsa ba zai same shi da ta ubansa ba. Zai sayi kyamara ta gaske, irin wadda ake sauya wa gilashi, ya ɗauki Baba hoto ɗaya da za a rataye a bango jikoki su gada.

Wata biyar ya yi yana zaɓe. Mutum ne da ba ya kafa turke a fili sai ya auna sau uku, don haka ya samu babbar takarda ya ja mata layuka da rular aikinsa, ya jera kyamarori shida na masu koyo, kowacce da nauyinta, da ƙarfin batirinta, da yawan ɗigon da ke cikin hotonta. Sau goma sha ɗaya ya je kanti. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya leƙa waccan ya girgiza kai, har mai kantin ya daina tashi idan ya shigo. A zuwa na ƙarshe ne mutumin ya gaji, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, duk kusan ɗaya suke. Ka ɗauki wadda ta zauna maka a hannu kawai." 'Yar Baƙa ce ta zauna.

Shawara biyu mai kanti ya ƙara masa a bakin ƙofa, kuma mamallakin ya nemi a rubuta su a nan yadda aka faɗe su, don su zama shaida a kansa. Ta farko, idan fuskar mutum yake so, ya ɗauki ɗan gajeren gilashin nan da ake kira hamsin, wanda ba ya zuƙowa amma yana shan haske. Ta biyu, "Kada ka ɓoye ta. Kyamara ba ta son ajiya. Ka riƙa fito da ita tana shan iska, tana ganin rana." Mai awo ya saurara da ladabi, sannan ya sayi Dogo, gilashi mai tsawon kamu guda da ake hango tsuntsu a kan bishiya da shi, saboda lambar da ke jikinsa ta fi girma.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da biyayya. Ba ta da nauyi a wuya, ba ta cin batir, ba ta taɓa nuna wa mai ita cewa ɗan koyo ne ba. Idan aka taɓa maɓallinta a hankali sai ta ce tit-tit, alamar ta ga abin da ake so ta gani. Idan aka danna, madubin da ke cikinta ya ɗaga ya sauka, ta ce ƙas-ƙarat. Wannan ƙarar ta shiga jinin gidan. Matarsa tana kicin takan gane ya dawo daga aiki da jin ta, kuma Baba, daga kujerarsa ta bakin taga, yakan gyara zaman hularsa duk lokacin da ya ji ta, ko a kansa ne.

Ba a kansa ba ne. Mai awo ya yanke cewa ba zai nuna wa Baba kyamara ba sai ya gama sanin ta ciki da bai. Ya karanta littafinta shafi ɗari biyu da goma, ya koma farko. Ya liƙa jarida a bango yana ɗaukar ta daga taku uku, daga taku biyar, yana duba wane harafi ne ya fi fitowa. Ya ɗauki murfin kwalba, ya ɗauki makullin ƙofa, ya ɗauki bulon katanga. Da ya juya Dogo wajen Baba sau ɗaya don gwaji, sai ya ga ɗakin ya yi masa kaɗan, hanci kawai yake gani, ya sauke bai danna ba. Aka shiga binciken gilashin hamsin, shi ma wata uku. Aka saye shi, sai kuma aka ga babu mai ƙafa uku da za a ɗora kyamara a kai. Aka sayo wannan, sai ya zama haske ne bai yi ba.

"Ka ɗauka mana, ga ni zaune," in ji Baba wata safiya.

"Baba, hasken bai yi ba. Bari damina ta wuce."

"Da hasken nan na yi shekara hamsin ina yanka katako, ban taɓa yanke yatsa ba."

Aka yi dariya, aka bar maganar. Masu tambayar me ya hana a ɗauki tsohon da waya, su sani an hana ne. Mai awo ya kafa doka cewa kada wanda ya ɓata fuskar Baba da hoton waya, kuma Baba da kansa ya riƙe dokar fiye da mai kafa ta. Ranar da Auta, ƙanwar mai awo, ta ɗaga wayarta a sace, tsohon ya sauke hula a kan fuskarsa, ya ce daga ƙarƙashinta, "Na yi wa yayanki alkawari. Shi zai ɗauke ni."

Da damina ta kankama ne ya yi mata gatan da ya kashe ta. Tsoron ƙura da hannun baƙi ya sa ya naɗe ta cikin tsohon bargo, ita da gilasanta, ya cusa a jakar fata, ya zuge, ya tura can ƙasan kabad ɗin kaya, wanda bayansa ke jingine da bangon banɗaki. A cikin kwalinta an sako wasu 'yan ƙunshi farare masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, aikinsu shan danshi. Ya duba littafin daga farko har ƙarshe bai ga an ambace su ba, ya ce tarkace ne, ya zuba su a shara. Wata huɗu ta yi a cikin duhun nan. Kullum zai wuce sai ya taɓa ƙofar kabad ɗin, ransa a kwance cewa babu abin da zai same ta.

Da ya fito da ita, wari ne ya fara tarbar sa, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya goge ta, ya ɗauki jaridarsa ta bango. A kusurwar hoton akwai wani ɗan farin zare. Ya goge gilashin, ya sake ɗauka, zaren yana nan. Bayan mako biyu ya yi rassa. Bayan wata guda, idan ya ɗaga gilashin ga taga, yana ganin abin ya bazu daga gefe yana nufar tsakiya kamar saƙar gizo-gizo, kuma daga ciki yake, inda tsumma ba ya kaiwa. Tsoro ya kama shi, bai gaya wa kowa ba. Ya mayar da ita cikin bargon, ya ce sai ya bincika.

A cikin watan ne tarin Baba ya sauya murya. Aka kai shi asibiti, aka tsayar da shi gaban na'ura, aka ce ya riƙe numfashi. Asibiti ya riga ɗansa ɗaukar sa hoto. Likita ya ɗaga baƙin fim ɗin ga fitila yana bayani a kan ƙurar katako ta shekara hamsin, yana bi da bayan biro a kan wasu fararen zare da suka taso daga gefen huhu suna nufar tsakiya. Mai awo bai ji rabin bayanin ba. Ya riga ya san siffar, kuma ya san yadda take tafiya.

Aka ce a kawo Baba ranar Laraba a ba shi gado. Ranar Talata da safe ɗan ya fito da komai. Ya kafa mai ƙafa uku a tsakiyar ɗaki, ya ɗaura gilashin hamsin. Baba ya sa babbar rigarsa, Auta ta gyara masa wuyanta, ya zauna a kujerar da ya ƙera da hannunsa kafin a haifi kowa a ɗakin. Hasken taga ya sauka a gefen fuskarsa daidai yadda littafin ya ce. Ya haɗiye tarinsa, ya ɗaga haɓa. Mai awo ya leƙa, ya hango ubansa kamar ta cikin hazo, amma ya hango shi. 'Yar Baƙa ta yi ta kai da kawo tana neman fuskar, har can ta ce tit, sau ɗaya, a raunane. Ya danna. Ta ce ƙas. Aka jira ƙarat, bai zo ba. Madubin ya ɗaga bai sauko ba, inda yake leƙawa ya zama baƙi ƙirin.

"An gama?" in ji Baba, bai motsa ba.

Mai awo ya sake dannawa, duhun bai gushe ba.

Mai gyara bai ɓata lokaci ba. Ya buɗe ta a ƙarƙashin fitilarsa, ya duba, ya ja kujerarsa baya. Ya ce fumfuna ce, ta cinye gilasan har ta bar musu tabon da ba ya fita, danshi kuma ya kai ga ƙananan wayoyin ciki sun yi kore. Ya tambayi inda ake ajiye ta, aka gaya masa. Sai ya naɗe ta a leda, ya ƙulle bakin sau biyu, ya miƙo daga nesa. "Don Allah fitar min da ita daga shago. Abin nan yana yaɗuwa, kuma akwai kayan mutane a nan."

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙaramin gilashin da suka zo tare, wanda ke kwance rai a hannun Allah, da Dogo, wanda bai taɓa ganin tsuntsu ba kuma ba zai gani ba. Ta bar ɗan hamsin, da aka ɗaura sau ɗaya tak. Ta bar mai ƙafa uku, yana nan tsaye a tsakiyar ɗaki yana fuskantar kujerar da babu kowa a kai, don har yanzu an rasa mai ƙarfin halin naɗe shi. Akwai batir biyu da caja, lafiyarsu ƙalau, ba su san abin da ya faru ba. Akwai kuma katin ajiya mai ɗauke da hoto dubu huɗu da ɗari ɗaya da goma sha biyu. Mai awo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya fito a guda ɗaya, a gefen wani hoton murfin kwalba: hannunsa ne na dama, yana riƙe masa kwalbar don kada ta motsa.

Mamallakin ba ya ɗora laifi a kan mai kanti, ko damina, ko bangon banɗaki. Ya ce a faɗa a fili cewa kunya ce ke cin sa, da tsoro, kuma tsoron ya fi yawa.

Za a yi mata sutura gobe da ƙarfe bakwai na safe. Za a mayar da ita cikin kwalin da ta zo a ciki, tare da gilasanta uku, da bargon, da takardar nan mai layuka, a liƙe bakin da kyau. Ana roƙon duk mai kyamara kada ya matso kusa da gawar. Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Daga nan kai tsaye za a wuce asibiti, hawa na biyu, gadon da ke bakin taga, kuma a can za a karɓi gaisuwa, tunda likita ya ce na nesa su fara tahowa.

An ɗage dokar waya. Duk wanda zai zo, ya zo da abin da yake da shi mai ɗaukar hoto, sabo ko tsoho, mai tsagaggen gilashi ma ya yi, ya miƙa wa mai awo a bakin ƙofa, don har yanzu Baba bai yarda wani ya ɗauke shi ba. Mamallakin ya yi alkawarin ba zai tambayi sunanta ba, ba zai juya ta ya duba lamba ba, wadda ta fara isowa ita zai ɗaga. Rana takan shigo ta tagar da misalin ƙarfe tara, amma ya ce ko hadari ne ya rufe gari za a ɗauka. Baba bai yarda an cire masa hula ba tun ranar Talata. Ana roƙon jama'a kada a makara.