Ranar da Na Dirje Robobin Asibiti da Toka

Har yau ban yarda laifina ne ni kaɗai ba. Shekara tara ina tafasa sirinjin gilashi a asibitinmu na Rogo, ban taɓa fasa ko ɗaya ba. Sai aka kawo sababbin bututun roba na ƙarin jini. Na farke leda, na jiƙa ɗaya, na ji santsi kamar yauƙin kuɓewa. Raina ya ɓaci. Wato ƙazantar kamfani za a sa wa mutanenmu a jiki?

Na samo toka da soso, na dirje su tas, na tafasa. Duk suka lanƙwashe.

Likita ya dawo daga Ƙaraye, ya tsaya yana salati.

"Malam, santsin nan ai shi ne aikin! Da iska mai wutar lantarki ake gyara jikin robar don kada jini ya daskare."

"Ranka ya daɗe, me ya hana su rubuta?"

Ya miƙo mini ledar. Sun rubuta.

Har yau in na ratsa kasuwa, masu sayar da bokitin roba, waɗanda ni na yi wa 'ya'yansu allura, sai su ɗaga murya: "A ɓoye roba, ga Sarkin Toka nan!"