Ƙafar Mutumin Baure

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina ɗan sandan tashar Daura ba, alhali ba wanda ya ɗauke ni aikin. Ni takalma nake sayarwa a bakin tasha, silifa da na 'yan makaranta. Karatuna bai yi nisa ba, amma a wancan lokacin bakina ya fi na mai digiri tsawo.

Duk mai zama a tasha ya san yadda masu neman taimako suka ishe mu. Kana buɗe rumfa lasifika za ta fara. Wannan ya zo da hoton masallacin da ba a rufa ba (hoton ya koɗe, masallacin yana nan ba rufi). Wancan ya zo da hoton ciwon da in ka kalla kai da abinci sai gobe. Sai kuma masu kawo mara lafiya a kwance a bayan mota, su tsaya a gabanka har mai ciniki ya gaji ya wuce. Mutane sun ƙosa. In an ji sallamarsu, tsaki ake fara yi kafin a amsa.

Ana cikin haka sai labari ya zo daga kasuwar Mai'adua. Wai wani mahauci ya sosa tafin ƙafar irin wannan mara lafiyar da tsinke, mutumin ya zabura, ya dira daga mota ya ranta a na kare, ledar ƙarin ruwa na reto a hannunsa. Ban san ko an yi hakan ba. Amma na fi kowa ba da labarin, har na koma ba da shi kamar a gabana aka yi. Na kuma yi alkawari a gaban 'yan kamasho cewa duk ranar da aka kawo irinsa gaban rumfata, za su ga aiki.

Malam Iro mai goro, dattijon da ke maƙwabtaka da ni, ya ce, "Mai takalma, wannan bakin naka wata rana sai ya aike ka inda ba ka so."

Na ce, "Baba, ai ku ne kuke ɓata su da tausayi."

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, da damina. Hadari ya haɗo daga gabas amma ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, zafi kamar an kifa mana kwano. Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo a hankali ta tsaya daidai gabana. A bayanta an shimfiɗa tabarma, mutum na kwance an lulluɓe shi da zane saboda ƙuda. An ɗaure wata 'yar lasifika a jikin ƙarfen motar, irin ta masu tallan magani, wadda ake ɗaukar murya a ciki ta yi ta maimaitawa. Wani dogon mutum ramamme ya sauko da robar karɓar sadaka a hannu ya shiga bin rumfuna.

Muryar da ke cikin lasifikar ba irin wadda muka saba ji ba ce. Ba ta da ƙarfi, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Salamu alaikum jama'a. Ni ne nake kwance a nan. Daga ƙasar Baure muke. Ƙoda ce. An ce sai an kai ni Katsina. Ku yi haƙuri da damunku da muke yi. Ko kun ga ban motsa ba, ina jin ku."

Sai ta yi shiru kaɗan, ta sake farawa.

Wani ɗan kamasho ya leƙo rumfata yana murmushi. "Mai takalma, ga ranarka fa. Ko a baki ne kawai?"

Gaskiya jikina bai so ba. Amma idanu sun riga sun juyo kaina, kuma na san in na zauna, shi ke nan, na zama abin tsokana a tashar nan har in tsufa. Na zaro tsinke daga tsintsiyar shara na fito ina tafiyar isa.

Ƙafa ɗaya ta leƙo daga ƙarƙashin zanen. Na tsaya na yi mata kallon masani (ni a dole na san ƙafa, tunda ita nake aunawa kullum). Ga kaushi, ga faso. Na juya na ce wa jama'a, "Wannan ƙafar ta yi noman bana."

Aka yi dariya. Na sosa tafin da tsinke. Shiru. Na sake, daga dunduniya har yatsu. Ko gezau.

"Wannan ƙwararre ne," in ji ɗan kamashon. "Sa hannu."

Na yar da tsinke, na kama ƙafar da hannu ɗaya, na shiga yi mata cakulkuli da ɗayan, ina cewa, "Tashi malam, an gano ka. Tashi ka huta."

A nan ne na ji sanyin. Duk zafin da ake yi, ƙarfen motar ma ba ya taɓuwa, amma ƙafar nan kamar an tsamo ta daga randa. Yatsun ba su lanƙwasa ba. Hannuna kuma ya ƙi saki. Daidai lokacin lasifikar da ke saitin kunnena ta iso wurin nan, a hankali: "Ko kun ga ban motsa ba, ina jin ku."

Ban san lokacin da dariyar ta ɗauke ba. Sai dai na ga dogon mutumin nan a gefena da robarsa. Na jira mari. Maimakon haka sai ya ce, "Sannu malam. Barci yake yi, tun da muka baro gida ya samu barci, shi ya sa ban tashe shi ba. Yayana ne. Allah ya saka maka da alheri, tun safe muke yawo ba wanda ya ko matso kusa da shi sai kai."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Malam Iro ne ya taso ya ɗaga zanen. Ya sa hannu a wuyan mutumin, ya daɗe. Sannan ya shafa masa idanu ya yi salati. Ƙanen ya ajiye robar a ƙasa a hankali kamar mai gudun kada ta fashe.

Lasifikar ba ta daina ba. Wani ya miƙa hannu zai cire batir, ƙanen ya riƙe shi. "Ku bar shi ya ƙarasa."

Haka duk tasha ta tsaya, direbobi da masu talla da fasinja, muna sauraren mamaci yana ba mu haƙurin damunmu da ya yi.

Saboda hadarin, dattawa suka ba da shawara a yi masa sutura a nan Daura. Aka yi wanka, aka sallace shi. Da aka zo sa shi a kabari, ƙanen ya waiga yana neman wani, idonsa ya sauka a kaina. "Bawan Allah, zo ka kama wajen ƙafa. Kai ka fara sanin ya tafi."

Na sake riƙe ƙafar nan, wannan karon a cikin likkafani, 'yan kamasho na tsaye a bakin kabari suna kallona. Ba wanda ya tona ni. Shirun nasu ya fi zagi ciwo.

Da aka watse na bi shi har mota. Na ce, "Malam, ba duba shi nake yi ba ɗazu. Na ɗauka ƙarya kuke yi. Cakulkuli nake yi masa don ya tashi a yi muku dariya."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Da yana da rai da ka ci nasara. Yaya ko kaɗan ba ya jure cakulkuli." Ya buɗe ƙofar motar. "Nawa na yafe maka. Nasa kuma sai kun haɗu."

Har yau masu lasifika suna zuwa, har yau suna hana ni jin ciniki, kuma na tabbata akwai maƙaryata a cikinsu. Amma na ajiye aikin bincike. In sun tsaya a gabana hannuna yana cikin aljihu: ko ya fito da wani abu, ko ya yi zamansa a ciki. Mutum ɗaya da ke jirana a can ya ishe ni.