Baba Ashirin da Takwas

A lokacin sanyina na farko a garin Greensboro na Amurka, ina sabon shiga ajin yaƙi da jahilci, na karɓi shirya wa 'yan sikawut na cocinmu aikin kwashe shara a bakin tafki. Da kaina na karanta a waya cewa Asabar awon zafi ashirin da takwas ne.

"Kowa ya bar jaket a gida," na ce, "yanayin Jos ne!"

Ashe a ma'aunin Amurka, nan ruwa ke daskarewa. Yara suka tsaya haƙora na kaɗawa, iyaye na hararata.

Mama Rifkatu, shugabar mata, ta fito da barguna da shayi daga motarta. "Malam, karatunka daidai ne," in ji ta, "ƙasar ce ba daidai ba."

Allah ya saka mata. Har yau yaran Baba Ashirin da Takwas suke kirana, ina kuwa amsawa.