Yadda Za Ka Kashe Tarin Huka Bisa Takarda

Matso nan, ɗan lakkwal, ɗan boko. Kana son a ce da kai gwanin lissahin ciwo, ka hwaɗi mutum nawa tarin huka za shi kama nan da shekara goma, rigarka ko ƙura ba ta yi ba? Na ɗauke maka. Ni Tabawa ban san baƙi ba, amma gaban idona Mushe Tanko, wani ma'aikacin lahiya daga birni, ya yi wanga aiki garinmu, gabas ga Karofane, shekarar da anka raba jar dawa. Da hantsi ya soma, azahar ya gama. Bi sawunshi, ba ka ɓata.

1. Zo da rani

Kada ka yarda ka zo da damina, mutane na gida. Bari sai gero ya shiga rumbu, maza sun watse bida, wasu Abijan, wasu Ikko. Ka iske tsohhi da awaki. Wanda ba shi nan ba shi tari. Ka ga ka rage rabin ciwon tun ba ka sauka mota ba.

2. Kasa mutane kashi ukku

Zana ɗaki ukku cikin kayenka na rubutu: na masu lahiya, na waɗanda ciwon ya kwanta ma ciki bai tashi ba, da na masu tari. Ja kibiya daga wanga zuwa wancan. Mushe ya ce ma maigari kowane mai tari shina shafa ma mutum goma cikin shekara. Maigari ya ce, "Goma cif, Mushe? Har wanda ba shi da maƙwabci?"

Irin wagga tambaya ba a amsa ta. Gyara tabarau.

3. Gauraya su

Lissahi ba shi tahiya sai ka ɗauka kowa na shaƙar numfashin kowa daidai wa daida, kamar gero cikin ƙwarya. Wato ni da surukina Mato, wanda shekara ashirin da biyar in ya hango ni sai shi sake hanya ta bayan masallaci, daidai muke da samari goma sha biyu da ka kwana ɗaki guda Abijan, ba taga, ƙafar wani bisa bakin wani. To, Mushe. Wanda ya yi lakkwal ai ba a ja da shi.

4. Tambayi uwa ɗiyanta nawa

Nan gwanintar take, buɗe kunne. Mushe ya zamna bisa tabarma gidan Mato, ya sa anka kira ɗiyata Dije.

"Madam, ɗiya nawa gare ki?"

Dije ta dubi ƙasa. "Huɗu."

Biyar ta haihwa. Amma wace mai kunya ce cikin Adar ka sa ɗan hwari cikin ƙidaya, balle ta kama sunanshi gaban baƙo? Ko akuyar gidan ta san haka.

"Cikin huɗun akwai mai tari?"

"Babu."

Gaskiya ta hwaɗi. Mai tarin shi ne na hwarin, Jima, wanda anka maido daga Abijan tun kahin azumi, wuya kamar karan dawa. Shina kwance bayan zana, taki shida daga tabarmar Mushe, tsumma ga baki duk jini.

Gida arba'in Mushe ya shiga, ɗan hwari arba'in sunka ɓace daga duniya. Su ne kuwa manya, su ka tahiya bida, su ka dawowa da ciwon cikin ƙirji. Kai dai rubuta huɗu.

5. In an yi tari, kada ka ji

Jima ya yi tari, irin wanda ka tashin kaji. Ni kaka ce, ba ni kunyar jika. Na ce, "Yaro, ga wani can ba ka rubuta ba."

Ya ce, "Inna, wagga takarda ta matan da ka haihuwa ce. Ke kin wuce."

"Haihuwa na wuce, ban wuce ji ba. Kai mi ya toshe naka?"

Ya yi dariya, ya ce tsohhin ƙauye akwai ban dariya. Mai mota ya busa oda. Koyi wagga dariya da kyau, ta hi alƙalami amfani.

6. Aiko da sakamako daga birni

Bayan wata biyar takarda ta iske maigari. Wai masu tari biyu ne garinmu, kuma nan da shekara goma babu ko guda. Saboda haka motar lokotoro, likita mai duba kakin masu tari da raba magani, ba ta da abin yi nan, sai ta bi wani wuri. Biyun nan kuwa da ya ƙidaya, tsohhi ne da ya iske suna tari ƙofar maigari, ba su ga kaka ba. Abin da ya ce shekara goma, ya cika cikin wata takwas. Wa ya kai shi iyawa?

7. Kada ka koma

Takarda ba ta tari. Zamna kusa da ita.

To, na gama, kuma ba ruwana. In ka bi wagga hanya anka ƙara maka girma, kada ka gode min. In wata tsohuwa ta tare ka da muciya, kada ka ce ni na aike ka. In kana da ƙara, ba ka iske ni gida. Da na ga motar ba ta zuwa, na ɗora Jima bisa amalanken shanu, kwana biyu muna hanya har asibitin mishan. Malama Lidiya mai allura ta dube shi, ta ce, "Kaka, mi kunka tsaya jira?" Na ce lissahi. Ta ce allura sittin, ƙwayoyi shekara guda, kuma a kawo matatai Zaliha, don ita ma ta soma. Yau Jima ya sha allura ta sha bakwai.

Jiya Dije ta aiko da hura cikin ƙwarya. Saƙon da ta bayar, wai a ba "wancan".

Ya sha rabi.