Zakaran Jika

"Lafiya lau, sai dai ban gane da wa nake gaisawa ba. Hanatu, wane ne wannan baƙon mai wuya kamar na zabo?"

Zuberu, wanda saukarsa ke nan daga motar Kumasi, ya durƙusa a bakin tabarmar kakarsa. Tun da ɓarin jikin Kaka Lariba ya shanye, ko tsakar gida ba ta fita sai 'yarta Hanatu ta ɗauke ta. Amma bakin nan nata, duk zangon Salaga an shaida ciwo bai taɓa shi ba.

"Mijinki ne, amarya. Ko tsufa ya haɗa da idon?"

"Mijin da na aika ya sayo min sanda tun azumin bara? Ina sandata?"

"Na kawo abin da ya fi sanda."

Ya fita ya turo wata kujera mai ƙafa uku, da tayoyi masu kauri. Irin aikin da suke yi ke nan a cibiyar bincike ta jami'a inda Zuberu yake aiki: masu ƙarfe, likitocin ƙashi, masana katako, duk a inuwa ɗaya, kowa da bakinsa a aikin kowa. Don yashi da ramukan unguwa suka ƙera ta, inda kujerar asibiti ke kafewa.

"Mutum nawa suka taru suka haifi wannan amalanken?"

"Injiniyan ƙarfe ya lanƙwasa bututun. Likita ta ce a yi mata mariƙi ɗaya, don mai hannu ɗaya ya tuƙa kansa. Mai katako ya zaɓo icen da gara ba ta ci. Ni na yi birki."

"Kai ka yi birki? To tawa ta ƙare. Kai da ko hannunka ba ka iya tsayarwa a kwanon tuwo."

"Gado na yi."

"Jama'a guda, karatu har wuya, an rasa mai iya feƙe sanda. Ni doya ce, da za a tura ni kasuwar Kpandai?"

"Doya ai ana sayenta. Ke ko kyauta babu mai ɗauka."

"Kakanka da ƙafa ya tako daga Yendi don ya ga fuskar nan."

"Shi ya sa ya ƙare da ciwon gwiwa."

Zuberu ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da awon jikinta na bara suka yi kujerar, yanzu kuwa ko rabinta ba za ta cika ba. Ga kuma maganar da ya taho da ita, bai faɗa mata ba tukuna. Cibiyar ta zaɓe shi ya tafi ƙasar Turai ƙarin karatu na shekaru, shi kuwa kallo ɗaya ya yi wa tsohuwar ya san ba za ta jira shi ba. Tsoro ya kama shi, da baƙin ciki.

"Hanatu ta ce masu taron naku za su tura ka Turai," in ji Kaka. "Gara dai. Ka koyo birki na gaskiya."

"Ban ce zan je ba."

"Me zai hana ka?"

"In na tafi, wa zai tare ƙofa?"

A zangon, idan tsoho ya rasu, jikoki kan tsaya a ƙofar ɗaki cikin wasa, su hana a fitar da gawa sai an ba su wani abu. Tun Zuberu yana yawo ba wando yake yi mata barazanar ranar.

"Bijimin sa na ce zan karɓa, ban manta ba," ya ce.

"Sa? A kan miji irinka? Hanatu, kamo min jan zakaran nan."

Hanatu ta kawo shi ɗaure da tsumma, ta ajiye, ta juya da sauri tana goge ido da bakin mayafi.

"Don ranar nake kiwonsa," in ji Kaka. "Ga rabonka, na biya da raina, kada in bar wa Hanatu rigimarka. Akwai tsofaffi kwance a Bawku da Garu, ba su da mijin banza mai ƙera kujera. Ka tafi."

"Kin cuce ni, amarya. Zakara ko ƙafar sa bai kai ba."

"Kai ma ba ka kai rabin miji ba. Ɗaga ni."

Ya ɗaga ta ya ɗora a kujerar, ya ji ba nauyi ko kaɗan. Hanatu ta cusa matashi a gefen da ya rage. Kaka ta shafa katakon, ta ja mariƙin da hannunta mai lafiya, sai kujerar ta motsa. Ta ja birki, ta tsaya cak. Ta yi dariya har da tari.

"Yoo, na yarda. Ka gaya wa mutanenka sun iya. Bari in je in ga bakin titi."

Zuberu na tsaye a ƙofa rungume da zakara, hawaye na zuba, ya kasa motsi.

"Matsa min daga ƙofa, angona," ta ce a hankali. "An riga an biya ka."