Rasuwar 'Yar Kyauta, Manhajar Gyaran Shafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni akawun makarantar koyon unguwarzoma nake sanar da rasuwar manhajar da nake gyara shafin makarantarmu na intanet da ita, wadda muka fi sani da 'Yar Kyauta. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara tara a kwamfutata.

Marigayiya ba ta taɓa neman ko sisi ba. Ba ta da ado, amma inda ka ajiye suna, nan za ka tarar da shi. In ta adana aiki sai ta ce "ƙit", shi ke nan maganarta. Aibinta ɗaya: marainiya ce. Waɗanda suka ƙirƙire ta sun watse tun shekara huɗu, ba mai duba lafiyarta. Na sani, na yi shiru.

Bara Shugabar makaranta ta sayo mana wata manhajar ta kuɗi. Na ƙi buɗe ta. Na ce tsohuwar zuma ake magani da ita.

Ga yadda ajali ya zo. An dawo da jarrabawar shiga makaranta daga Alhamis zuwa Talata, mata ɗari biyu kuwa shafin nan suke dubawa. Shugaba ta miƙo mini takardar sanarwar, ta tsaya a kaina. Ashe a ƙarshen mako kwamfutar ta sabunta kanta. Na danna marigayiya, ta leƙo, ta ce "tin", ta ɓace. Na sake dannawa. Sau bakwai. A na takwas ko "tin" ɗin babu.

"Kira masu ita," in ji Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ba ta da kowa."

Ta jawo kujera ta zauna, ta zuba mini ido.

Na buɗe ta kuɗin ina zufa. Ta karɓi shafin da fara'a, sannan ta hargitsa jerin sunayen masu jarrabawa, lambar wannan ta koma gaban sunan waccan. Amma ita tana da dangi. Na buga lambarsu, wata murya mai sanyi ta bi da ni layi-layi, kamar mai jan makaho. Gaskiya ɗaya ce, marigayiya ba ta taɓa ɓata mini jeri ba, ba ta kuma taɓa samun wanda zai amsa waya dominta ba. Sanarwar da ya kamata ta hau kafin azahar, sai bayan la'asar ta hau.

Ranar Talata kowa ya zo, ban da mutum ɗaya. Wata baiwar Allah ta duba shafin ranar Litinin da azahar a wayar maƙwabcinta, ta ga Alhamis. Ranar Alhamis ta iso da goyo da jaka, bayan tafiyar awa bakwai. Ni aka tura in gaya mata.

"Malam, amma na duba fa," ta ce. "Sau biyu na duba."

Marigayiya ta bar shafuka sittin da uku, da magajiyar da ban gama sanin halinta ba, da ni.

Za a yi jana'izarta gobe Juma'a da ƙarfe goma, a ofishina, inda zan goge ta da hannuna. Da sha ɗaya kwamitin makaranta zai zauna a kan mutum biyu: matar nan, ko za a ba ta jarrabawar ita kaɗai, da ni, ko zan ci gaba da zama a teburin. An haɗa mu a takarda guda.

Masu zuwa ta'aziyya kada su tsaya a wurina. Su wuce bencin baranda, inda take zaune tana bita, jaririn na barci a cinyarta. A kai mata ruwa.